Ranar da Jita Ta Bi Garma a Gafasa

Ana sallame sallar asuba muka ɗaure kaya muka bar Kano, ni da mutumina mai jita. Shi ne mai kiɗa da rubuta waƙa, ni kuwa nawa haɗa waya da ɗaukar sifika. Shekara ashirin ke nan yana kiɗan rok irin na Turawa a ƙungiyoyin Sabon Gari. Huɗu ya shiga, uku a gabana suka watse, ɗaya ma don kawai mai ganga ya yi aure matar ta ce ba ta yarda ba. Amma duk tsawon nan bai taɓa kaɗa ko tsirkiya ɗaya a garinsu Gafasa ba. Tun yana yaro mahaifinsa ya kama shi da jitar galan da wayar birki, ya ce masa gidansu manoma ne, ba su gaji roƙo ba. Daga ranar, in zai je gida jitar a Kano take kwana. Su gaisa da tsohon, su yi hirar ruwa da taki, shi ke nan.

Sai ga yayansa ya kira, wai ya tara gayya don huɗar gonar Baba, ga shi makaɗin noman garin ya rasu, 'ya'yansa duk suna acaɓa a birni. Gayya babu kiɗa kuwa samari ba sa sakin jiki. Ya ce ya zo da abin nasa.

A Wudil muka karya. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba, amma kokon ya yi daɗi, kogi kuma ya cika fal har ana tsoron leƙa shi daga kan gada. A tashar Gaya kwandasta ya kafe sai sifika ta biya kujera, tunda a cewarsa ta fi ni faɗi. Ban ji daɗin maganar ba, amma da na duba sai na ga da gaskiyarsa. Daga nan zuwa Ajingi ido sai ya gaji da kore: gero ya haura tsayin mutum, gyaɗa ta rufe ƙasa, shanu na kiwo a bakin hanya ko kallon mota ba sa yi. Ragowar tafiyar a kan babur muka yi ta, batirin mota a cinyata, taɓo har gwiwa. Mutumina da ba ya rufe baki a mota, ranar tun daga Wudil bai ce uffan ba.

Muna sauka yayan ya ja mu gefe yana sosa ƙeya. Ashe bai gaya wa Baba za a zo da jita ba. Tsohon na zaune kan tabarma a gindin ɗorawa, bakin gonar. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dubi jakar jitar, ya dube mu, ya ce, “Kun zo lafiya?”

Samari suka jera da garemani, na haɗa waya, mutumina ya saki waƙarsa mafi zafi, wadda in ya kaɗa a Kano ake ture kujeru. Aka yi ihu aka duƙa. Ba a jima ba huɗa ta fara karkacewa kamar tafiyar maciji, wani na haki, wani ya zauna daɓas yana neman ruwa. Sarkin noma, wani dattijo gajere, ya ɗaga hannu.

“Kai ɗan birni, kashe mana yara za ka yi? Mu za mu bi ka, ko kai za ka bi mu? Makaɗin noma ba yatsunsa yake kallo ba, garmar na gaba yake kallo. In ta sauka, ka sauka.”

Mutumin da shekara ashirin shi ake bi a dandali, sai ga shi ya cire takalmi ya shiga gona yana bin bayan manoma. Ni ma dole na bi, sifika a ka, batir a buhu a kafaɗa. Ya zuba wa garmar na gaba ido, tana cin ƙasa yana dukan tsirkiya. A hankali abu ya zauna. Garma ta sauka, jita ta amsa, har ƙafata ta fara bi ba da sanina ba. Nan take ya ƙirƙiro waƙa, yana jero waɗanda suka noma gonar nan tun kakanni, yana yi wa kowane saurayi kirari in ya wuce ɗan'uwansa. Matan da suka kawo fura suka ajiye ƙwarya suka rangaɗa guɗa. Kafin azahar an gama gonar kakaf.

Muna cikin cin dambun zogale yayan ya zo ya ce Baba na kira, kuma a zo da jitar. Muka je muka durƙusa.

“Waƙar nan taka,” in ji tsohon, “wa ya koya maka?”

“Ni na haɗa, Baba.”

“Shi ya sa. Ka tsallake mutum guda. Tsakanin kakana da ubana akwai wan ubana, shi ya sare dajin gefen gabas. Ka bar shi a waje kamar bai sha rana ba.” Ya gyara zama, ya ajiye sandarsa. “Sa shi a ciki. Kuma ka ɗauko daga farko, daga can nesa ba duka na ji ba.”

Sau uku ya sa aka maimaita, yana gyara wani wurin, yana kaɗa kai a wani. A na ukun muryar mutumina ta karye, ni ma na juya ina gyara wayar da babu abin da ya same ta.

Bayan la'asar muka kamo hanya, magariba ta yi mana a Wudil, muka shigo Kano wuyana a sanƙare, raina fes. Abin da na koyo shi ne, duk iyawarka, wani wurin sai ka bi kafin a saurare ka. Mutumina kuwa tun daga Ajingi har gida bakinsa bai rufu ba, yana ta maimaita sabon baitin kada ya manta, don Baba ya ce in kaka ta yi zai sake ji.