Kawu Idi Ya Rufa Mini Asiri

Jama'a, yau saura ƙiris Baba ya kama ni! Inna ta tafi bikin suna a garin Ollelewa, ta bar mini girki. Ina latsa waya, miya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi har Agadas! Ga Kawu Idi ya zo daga Tarka.

Sai na ga Tanti mai gidan abinci ta sa hoton miyar kuɓewa a WhatsApp. Na tura mata vokal, wato saƙon murya, ina kuka. Ta ce, "Saura kwano ɗaya, na ajiye miki, rugo!"

Na ruga na karɓo a ɓoye, na kai wa Baba da Kawu kamar ni na dafa. Baba ya ce, "Idi, ka ji hannun 'yata?"

Kawu ya ɗanɗana, ya ƙura mini ido. Ashe duk ranar kasuwa wajen Tanti yake ci! Sai ya ce, "Alhaji, yarinya ta iya!"

Kawu, Allah ya kai ka Makka!