Ƙullin Irin Gero

Jiya a kasuwar Gashuwa na ga wata tsohuwa tana ƙulle gero a bakin zane, sai na tuna da Malam. Shi ya koya mana binciken halin 'yan gudun hijira a Nguru, lokacin da mutanen ƙasar da Faransa ke mulka ke tsere wa aikin tilas. Tsarinsa ba ya sauyawa: da farko ruwa, sannan tuwo, daga baya tambaya.

Wata rana a zangon bayan tashar jirgi, cikin warin kwal, muka tarar da wani dattijo riƙe da ƙullin gero, jikarsa tana kukan yunwa.

Malam ya ce, "Baba, a daka mata wannan mana."

Dattijon ya ce, "Iri ne, Malam. In an cinye, da me zan koma gida?"

Malam ya sa aka kawo kunu. Dattijon ya rasu kafin damina. Malam ya riƙe yarinyar, ya shuka geron a bayan gidansa, duk kaka yana ware mata iri.

Allah ya jiƙan Malam, ya haɗa shi da dattijon a gidan da ba a gudu daga cikinsa.