Ranar Biyan Kati Ta Riske Ni a Garagumsa

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Damagaram, ni da ƙawata da muke sana'ar man gyaɗa tare. Baburan kabu-kabu biyu suka ajiye mu tasha, kowacce da ƙunshin buhunan wofi. Ƙauyen goggona muka nufa, can cikin ƙasar Garagumsa, don ranar kasuwarsu ce kuma sabuwar gyaɗa ta shigo. Wanda ya yi jinkirin mako guda, sai dai ya saya a hannun dillalai.

Matsalar ita ce, bara na sayi injin markaɗe da katin banki, irin wanda ake cin bashi da shi ana biya wata-wata, kuma wannan ranar ce ta ƙarshe ta biyan watan. In ta wuce, tara ce. Kuɗin ma ba su iso ba tukuna. Wata mai gidan abinci a Agadas da nake aika wa mai ta ce za ta turo su cikin asusuna da azahar.

Tun da na karɓi katin, Lawali, ƙanen mijina marigayi, ke biya mini da wayarsa. In na ba shi kuɗi sai ya cire jikka ɗaya, wato sefa dubu, ta wahala, sannan ya je majalisar shayi ya baje labarin bashina, har da adadi. Watan jiya wata maƙwabciya ta yi mini jajen bashin a gidan suna, mutane na ji. Washegari na tafi banki, na zauna gaban wata ma'aikaciya na ce ba zan tashi ba sai na iya da kaina. Ta sa mini manhajar bankin a waya, ta nuna mini yadda zan tura kuɗi daga asusuna zuwa katin. Ta ce ana iya biya da kuɗin da ke cikin layin waya, ko a ba banki izini ya riƙa cira da kansa kowane wata. Na ƙi na ƙarshen, don mai sana'a ba ta da ranar albashi.

Ana gobe za mu tafi Lawali ya zo da la'asar.

"Yaya, ki bar rigimar nan. Ƙauyen can ko rezon waya babu. Ki ce matar ta turo mini, in biya."

"Na gode, Lawali. Wannan watan ni zan biya."

"In suka rufe katin fa?"

"Ai nawa ne."

To, da wannan maganar a kunnena na shiga mota. Jikka ɗaya da rabi zuwa Takeita, kuma ɗan kamasho ya so ya sa wa buhunan wofi kuɗin kaya. Ƙawata ta ce ya auna iskar da ke ciki tukuna. Muna barin duwatsun Damagaram a baya gonaki suka buɗe, an gama girbin gero, dammuna a jingine, rumbuna da sabon jinka. Gudron, wato titin kwalta, da kyau in ban da wasu wurare da direba ke sauka gefe don kauce wa ramuka. A wajen Tirmini mata suka rufe tagogi da dafaffiyar gyaɗa da ƙwai. Da jandarma suka tsai da mu aka ce kowa ya fito da katin shaida, ni da hankalina ke banki sai na miƙa katin bashin. Jami'in ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan ba ya faɗin sunan garinku." Motar duka ta kwashe da dariya, har da ni.

A Takeita muka karya da dambu da zogale na dala arba'in-arba'in, mai yaji, man gyaɗar kuwa bai kai namu ba, amma ban faɗa wa mai dambun ba. Daga nan muka bar gudron, muka hau wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki uku da wani tela da kekensa. Hanyar rairayi ce zalla. Sau biyu maza suka sauka suka tura. Ni kuwa idona na kan waya, ina kallon sandunan rezo suna raguwa, huɗu, biyu, ɗaya, har suka ɓace.

Kasuwar ta ci sosai. Gyaɗa busasshiya, mai ƙwari, kowace tiya da sauƙin dala ashirin a kan farashin birni. Kafin azahar mun cika buhu bakwai tsakaninmu. Goggo, ƙanwar babana, wadda ta haura tamanin amma har yanzu ita ke dama furarta, ta tarbe mu da ƙwarya cike. Na sha, amma hankalina ba ya wurin. Da na tambayi inda ake samun rezo, aka nuna mini wani tudun rairayi bayan rijiya.

Muka hau ni da ƙawata, zafi na cin ƙafa ta cikin takalmi. Muna kaiwa sama waya ta yi ƙara: kuɗin Agadas sun shigo. Na buɗe manhaja na buga kodi, lambar sirrina. Rana na dukan gilashin, ban ga komai ba, sai ta ce ba daidai ba. Na sake, ta sake ƙi, ta kuma gargaɗe ni cewa in na kuskure na uku za a toshe. Daidai nan kiran Lawali ya shigo.

"Yaya, lokaci na tafiya. Ki faɗa mini kodin kawai, minti biyu na gama."

Ba zan yi muku ƙarya ba, saura ƙiris in faɗa masa. Lambobi huɗu ne, suna bakina. Sai na ce, "Lawali, ko za a ci ni tara, da hannuna za a ci ni." Na kashe.

Ƙawata ta ware mayafinta ta yi mini rumfa. Na goge yatsuna da zane, na sa tabarau, na yi bisimilla, na buga a hankali. Ta buɗe. Na zaɓi kati, na rubuta adadi, na danna. Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya ce rezo ya yanke. Sau uku haka. Sanda ɗaya ta isa kira, amma ba ta isa biya ba.

Muka sauko ana kiran la'asar. Motar da ta kawo mu ba za ta tashi ba sai kasuwa ta watse. Wani maƙwabcin Goggo mai amalanken da sa ke ja ya ce zai kai ni bakin gudron ya dawo da ni a kan jikka biyu. Ƙawata ta ja ni gefe ta ce wannan ai ya ninka abin da Lawali ke cira. Na ce na sani, amma shi san ba ya zuwa majalisar shayi.

Goggo ta ce sai ta bi mu ta ga yadda ake biyan banki a kan amalanke. Aka ɗora ta. A hanya take gaya mini ɗanta da ke Aljeriya yana aiko mata kuɗi ta layin ƴar wayarta, amma wani mai tebur a kasuwa take kai wa ya duba, ya ba ta abin da ya ce an aiko. Shekara uku ke nan ba ta taɓa sanin nawa ne ba.

Ba mu ma kai gudron ba. Wajen wani babban gawo sanduna suka zama uku. Na ce wa mai amalanke ya tsaya, kada ko san ya motsa. Na sake komai daga farko. Ya juya sau ɗaya, sai ga saƙo: an karɓa, ga lambar shaida, ga abin da ya rage. Na karanta da ƙarfi. Goggo ta rangaɗa guɗa har san ya zabura, da ƙyar muka riƙe ta.

Gidanta muka kwana. Da safe na zaunar da ita da wayarta. Ba ta karatu, amma wadda ta shekara sittin tana cin kasuwa ta san lamba. Na nuna mata inda saƙon kuɗi yake, muka buɗe na ƙarshe tare. Ta daɗe tana kallon adadin, sannan ta ce, "Ashe haka ne." Ta ɗaura mayafi ta ce tana da magana da wani a kasuwa. Ba ta nemi rakiya ba.

Mun iso Birni bayan azahar, buhunanmu a kan mota, kowane dala ɗari kuɗin kaya. Ina cikin shanya Lawali ya yi sallama. Na ba shi ruwa da kujera.

"An biya?"

"An biya."

"Saura nawa?"

"Wannan tsakanina da banki ne."

Ya sha ruwansa ya tambayi farashin gyaɗa, na faɗa masa, muka rabu lafiya.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In da hali, a biya tun ana saura kwana biyu, kada a jira ranar ƙarshe kamar ni. Wanda zai shiga ƙauye ya gama da banki tun yana kan gudron. Kodi kuwa ko ɗan ɗakinku kada ki ba. Na kuma gane wata goma sha ɗaya na yi ina biyan kuɗin tsoro, a kan aikin da bai kai minti biyu ba. Mata biyu na unguwarmu sun riga sun zo mini da wayoyinsu a ɓoye cikin mayafi. Na ce su dawo Alhamis bayan la'asar, kuma su daina ɓoyewa.