Sakatar Get Ɗinmu

Gidana a Makera yake, kuma get ɗinsa irin na da ne: manyan ƙyaure biyu na ƙarfe, da ƙaramar ƙofa a jikin ɗaya. Doguwar sakata ce ke riƙe da su, tana sauka cikin wani rami a kankare. Tun da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri na sayar da motata, ban ƙara ɗaga sakatar nan ba. Ta ƙaramar ƙofa kowa ke shiga, a sunkuya, a tsallake dokinta.

A gindin sakatar nake alwala. Akwai wani bulo da nake zama a kai, ina idarwa sai in fice masallaci. Matata ta sha gaya mini in koma bakin rariya, ruwan nan cikin ramin yake shiga. Nakan ce mata ƙarfe ne, ba gishiri ba.

Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, keken guragun ya ƙi shiga ƙaramar ƙofa. Samarin unguwa ne suka ɗauko ta a bargo, suna karkata ta, har zaninta ya zame a gaban mutane. Da aka kwantar da ita ta ce mini ba wanda zai sake ɗaukarta haka sai ranar da za a kai ta makwanci. Na ce zan gyara get ɗin. Amma da na ga ba ta fita ko'ina, sai na yi ta cewa gobe.

Ana nan sai autarmu ta haihu a Narayi, haihuwar fari. Da uwarta na da lafiya, a gidanmu za ta yi wanka. Tunda hakan bai yiwu ba, matata ta ƙwallafa rai a kan zuwa suna, ta sa aka ɗinka mata atamfa, aka yi mata lalle a hannun da ke motsi da wanda ba ya motsi. Sunan ya faɗo ranar Lahadi.

Ranar Juma'a na kama kan sakatar na ja. Ko gezau. Tsatsa ta cika ramin, ƙarfe da kankare sun zama abu guda. Na zuba kananzir, na jira, na buga da guduma. Wani bakanike maƙwabcina ya ce man birki ya fi, ya kawo mini, muka zuba har wurin ya yi baƙi. Mai shayin bakin layi ya ce a zuba lemon kwalba. Shi ma na zuba, tururuwa kawai ya tara mana.

Matata tana kan kekenta a tsakar gida tana kallo. Bakinta ya ɗan karkace, amma maganarta na fita.

"Malam, ka bi shi a hankali," in ji ta. "Duk Makera ba wanda ya kai ƙarfen nan tsarki."

Bakaniken ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban iya dariyar ba.

Ranar Asabar na tafi unguwar Television wurin wani mai walda da muka yi aiki da mahaifinsa a masaƙa. Ya biyo ni a babur, ya durƙusa ya duba. Ya ce ƙyauren ya sauka ya zauna a kan kankare, zarto ba zai samu hanya ba, sai injin yankan ƙarfe. Ga shi babu wuta, janaretansa kuma yana wurin gyara.

"Baba, ka yi haƙuri zuwa Litinin," ya ce.

Na ce masa sunan gobe ne. Ya karɓi gudumata ya yi ta sarar kankaren har gumi ya jiƙa masa riga. Kankaren zamanin da ne, da ba a rowar siminti. Ɓarɓashi kawai yake tashi.

Da safiyar Lahadi mijin 'yarmu ya zo da mota bayan an raɗa suna. Matata ta riga ta shirya, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗora ƙullin kayan jariri a cinya. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce in ta yarda zai ɗauke ta ya tsallakar da ita. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Suruki ba ya ɗaukar surukarsa, shi ma ya sani, tausayi ne ya sa ya faɗa. Matan maƙwabta suka ce su za su gwada, ta girgiza kai.

Sai na ce bari ni in ɗauke ta. Na sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na yunƙura. Bayana ya riƙe. Ko daga kujerar ban raba ta ba.

"Bari, Malam," ta ce a hankali. "Kada mu zama biyu."

Ta miƙa wa surukin ƙullin kayan, ta ce ya gaishe da mai jego. Muka ji motar ta tashi, ta sha kwana.

Ranar Litinin mai walda ya zo da injinsa. Kafin in gama zuba masa ruwan sha ya yanke sakatar. Muka tura ƙyauren biyu, suka buɗe da kuka. Na je na ce mata hanya ta samu, in tura ta waje ta ga layi? Ta ce a bari, ba ta da inda za ta.

Guntun ƙarfen yana nan cikin kankare, mai waldan ya ce ba zai fita ba sai an fasa wurin duka. Bulon kuwa na mayar da shi bakin rariya.