Kunnen Sammani Bakanike

Ni Hambali direba, shekara da shekaru ina jigilar tumatir daga gonakin rani na Kura zuwa Kano, kuma ban taɓa yarda wani ya buɗe bonet ɗin a-kori-kurata ba in ba Sammani bakanike ba. Ɗan gajere ne, ga sanyin murya, ga taurin kai kamar jakin Buzu. A Zariya ya koyi aiki, ya dawo gida lokacin da ruwan Tiga ya iso gonaki, motoci suka yawaita. Garejinsa gindin darbejiya ne kawai, 'yar tazara kaɗan da katangar gidansa.

Kafireto shi ne fagensa. Na Fijo irin tawa maƙogwaro biyu gare shi, kowanne da 'yar ƙofarsa. Ta farko ita ke aiki kullum. Ta biyu ba ta buɗewa sai ka danne totur, kwanduna cike a bayanka, kana son wuce tirela. In ta yi saurin buɗewa, mota ta shaƙe, ta yi ta zuƙar mai a banza. In ta makara, mai keke ma sai ya yi maka dariya. Sammani ba ya awo da komai. Zai ja totur da hannu, ya karkata kai, ya murza sukudireba a hankali kamar mai cire ƙaya. Da ya ji muryar injin ta buɗe, sai ya ce, "Je ka, Allah Ya kiyaye hanya."

A 1985 ya yi wani mugun zazzaɓi. Ya tashi, amma kunnen bai tashi tare da shi ba. Sai ka yi masa sallama sau uku. Kome ka faɗa, "Haka ne" zai ce, ko da zaginsa ka yi. Bai yarda ya faɗa wa kowa ba, don ya san in aka ce kunnen Sammani ya mutu, motoci Kano za su koma, shi kuwa baki takwas ke jiransa a gida. Wallahi na ji tausayinsa.

Abin mamaki, aikin bai lalace ba ko kaɗan. Ni kuma ba na iya ganin abu in ƙyale. Na sa masa ido, sai na lura ya daina karkata kai. In ya ja totur, saman katanga yake sata da kallo. Na duba, sai ga muciya ta leƙo. Ta karkata hagu, ya murza. Ta karkata dama, ya ɗan sassauta. Ta tsaya cak, ya rufe bonet.

Ashe Kulu ce, matarsa. Shekara goma tana gumar shinkafa a bayan katangar nan, injuna na yi mata kuka a ka, har ta haddace muryar kowanne. Dariya ta taso mini, na haɗiye ta, na biya kuɗina na tafi.

A lokacin rani na 1987 'yarsu Mairama ta haifi tagwaye a Bunkure, Kulu ta tafi taya ta jego. Washegari Sammani ya ɗaure wuyan hannunsa da tsumma, wai targaɗe. Mako guda bai taɓa mota ba. Tawa kuwa ta fara tari, da na danne sai ta shaƙe, ga tumatir ya nuna jajir, kuma tumatir ba ya jiran kowa. Raina ya ɓaci. Na je na kafa baki a kunnensa.

"Malam, shiga mota."

"Haka ne," ya ce, bai motsa ba. Na kama hannun, mai targaɗen ma, na sa shi a gaba.

Da rarrafe muka isa Bunkure. Na matsa da motar jikin katangar gidan Mairama, na roƙi wata baiwar Allah da za ta shiga barka ta gaya wa Kulu mun zo. Na buɗe bonet, na miƙa masa sukudireba.

Bai karɓa ba. Ya dube ni.

"Hambali, tun yaushe ka sani?"

Na ɗaga masa yatsu biyu.

"Shekara biyu. Wa ka gaya wa?"

Na sake matsawa kunnensa. "Ko mutum ɗaya, Malam. Amma duk tasha an sani. Da can a inuwa muke ajiye maka mota. Ba ka ga yanzu kowa jikin katanga yake matsowa ba, cikin rana?"

Ya kwance tsumman hannun, ya goge idanunsa da shi, ya ce hayaƙin motata ne, in da ina da hankali da na canja mai tuntuni. Na ce haka ne.

Ya karɓi sukudireban, ya sunkuya, ya ja totur. Sannan ya ɗaga kai ya dubi saman katangar sosai, a gabana, bai ɓoye ba.