Wa Zai Kira Sahabi Ranar Asabar?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ina ƙoƙarin tayar da babur, babban ɗansa ya kira ni. Malam Labbo Mai Rikoda ya rasu.

Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Na kashe babur ɗin na zauna a kan dakali, na rasa wanda zan fara gaya wa.

Mun kai shi makwancinsa a Sabon Birni kafin azahar. Ƙasar maƙabarta ta bushe har sai da aka yi ta zuba ruwa kafin a samu ta kwaɓu. Damina ce fa ake ciki.

Yaran yanzu sun san shi a matsayin tsohon nan na shirin "Daga Bakin Fili", mai kiran sunayen 'yan ƙwallon Turai yadda ya ga dama. Ku yi haƙuri in gaya muku inda shirin ya fito, don yau ba zan iya yin shiru ba.

Malam Labbo ɗan Unguwar Lalle ne. Yana aiki a gidan rediyo a Sakkwato, yana karanta sanarwar ɓatan dabbobi da ta ɗaurin aure. Ya daɗe yana naci a ba shi 'yan mintuna ya riƙa kawo labarin kokawar garuruwanmu. A lokacin kuwa da an yi kaka, daga Isa har bakin iyaka ba ka jin komai sai ganga. Ana ajiye damman gero a bakin fili, wanda ya yi kaye ya ɗauka.

Suka yi ta ja masa rai. Ranar da suka amince, fari ya riga ya shigo.

Waɗanda suka ga shekarun nan sun san abin da nake faɗa. Ruwa ya sauka, a yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta washe. A sake shuka. A fita roƙon ruwa, a dawo da ƙura a goshi. Shekara ta juyo a sake yin haka. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba ƙuli.

Kuma a ƙasarmu ba a buga gangar kokawa rumbu ba komai. Kunya ce.

Ga mutum an ba shi shirin wasanni, ga ƙasa ba mai wasa. Manyansa suka ce ya karanto sakamakon ƙwallon waje kawai ya huta. Shi kuwa ya rataya rikodarsa, wata ƙatuwa mai cin batir, ya hau motar 'yan kasuwa ya taho gida.

A haka na fara ganinsa, a garinmu Gangara. Ina saurayi lokacin. Ya zo neman yayana Sahabi, wanda a kakar ƙarshe kafin fari ba wanda ya kai bayansa ƙasa.

Ya tarar ba ya nan.

A garinmu ɗan kokawa na gari ne, gari ke ciyar da shi. Kowane gida na aiko masa da fura ko tuwo don ya yi ƙarfi ya kare sunan gari. Kuma ba a mayar da ƙwaryar ɗan kokawa da abin da ke cikinta, wanda aka mayar wa ya ɗauka an raina shi ke nan har abada.

Fari ya zo, mutane ba su daina aikowa ba. Kowa na jin nauyin a ce gidansa ne ya fara janyewa. Sai ka ga mace ta kawo ɗan kunun dusa, 'ya'yanta na biye da ita suna kallon ƙwaryar. Sahabi ba ya iya sha, ba ya iya mayarwa. Ya roƙi dattawa su hana, suka ce ba su suka fara ba, ba su za su kashe ba.

Wata ranar kasuwar Isa ya rataye warkinsa na kokawa a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ya ce mata zai je cin rani kudu, in babu shi a gari kowa zai ci abincinsa. Ya ce ranar da aka sake buga ganga zai dawo.

Inna ce ta ba Malam Labbo wannan labari, yana zaune a tabarma da rikoda a cinya. Bai kunna ta ba. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce akwai maganar da ba ta rediyo ba ce.

Da ya fito sai ya sa aka nemo masa Ɗan Jimma, tsohon makaɗin garinmu. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake yi wa in zai shiga fili. Ya roƙe shi ya buga taken Sahabi. Ɗan Jimma ya ƙi, ya ce ba ya ɗaukar ganga gari na yunwa. Suka daɗe suna ja. A ƙarshe ya yarda, amma a cikin zaure, a hankali, da tsumma a kan fatar gangar.

Asabar ta zo, ranar shirin. Muka taru a gindin rediyon mai shayi. Muka ji taken nan a daƙushe, sannan muryar Malam Labbo:

"Sahabi na Gangara, in kana ji, hili na nan. Ba a ba kowa wurinka ba."

Maza manya suka sunkuyar da kai. Mai shayi ya bar ruwansa na ta tafasa.

Daga nan shirin ya tashi. Kafin wata Asabar mutanen Tozai sun aiko a kira nasu. Na Unguwar Lalle ma haka. Wani Bafillace da shanunsa suka ƙare ya tare shi a tasha, ya ce ɗansa ba ɗan kokawa ba ne amma gwanin sharo ne, ya bi sauran garke ya yi arewa. Malam Labbo ya ce sharo ma fili ne, ya kira shi.

Shirin wasanni ya zama inda ake neman 'ya'ya. Rabin lokaci yana hira da tsofaffin 'yan kokawa suna ba da labarin kayen da suka yi da wanda suka ƙara da baki, sauran rabin yana kiran waɗanda fari ya kora. Bai taɓa rubuta sunayen ba. A kansa suke, kowa da garinsa.

Kuma yana da doka guda. Ba ya cire suna sai mai sunan ya tsaya a gabansa ya ce ga ni, ko a samu wanda ya tsaya a bakin kabarinsa. In mutuwa ce, a buga takensa sau ɗaya na ƙarshe, ya ce "ya bar hili", a yi masa addu'a.

Mutane sun dawo. Wani ɗan Tozai a wata tasha cikin Nijar ya ji sunansa, ya bar dakon da yake yi ya kamo hanya. Da ruwa ya dawo aka yi kaka, kokawar farko a Sabon Birni Malam Labbo ne ya ɗauko ta. Ku nemi wanda ya ji shirin ranar. Ba a gane abin da yake faɗa saboda kuka.

An buga ganga a Gangara ma. Inna ta shafa wa warki mai, ta share ɗaki.

Sahabi bai zo ba.

Shirin kuwa sai gaba. Aka ƙara masa lokaci, aka shigo da dambe da langa, sannan ƙwallo ta mamaye ko'ina. A nan ya jawo ni, don shi har ya koma ga Allah bai yarda akwai wani abu wai shi ofsaid ba. Cewa yake mutum ya riga kowa gudu kuma a hukunta shi, wannan zalunci ne. In na gyara masa sunan ɗan wasa sai ya ce ai uwarsa ba ta jin shirin.

Shi ya koya mini zama a gaban makirufo. Ranar farko da na rikice, ya tura mini ɓarin goro ta ƙarƙashin tebur. Wannan kuwa babban abu ne, don duk wanda ya san Malam Labbo ya san goronsa ba ya fita aljihu da sauƙi.

Amma bai taɓa shiga Gangara hannu sake ba. Batir ga rediyon Inna, kullum. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta tambaye shi ko akwai labari, ya ce ana kira dai.

Labarai sun zo, ba su zo ba. An gan shi a Ikko yana dako. An gan shi wurin haƙar zinari. Wani direba ya rantse ya ji an ce ya mutu a hanya. Kawunmu ya je har situdiyo ya ce a cire sunan haka nan, tsohuwa ta samu ta haƙura. Malam Labbo ya tambaye shi ko direban ya tsaya a bakin kabari. Ya ce a'a. Ya ce to sunan na nan.

Sauran na zamanin fari duk sun fita, wasu da ƙafarsu, wasu da addu'a. Sababbi sun shigo, don kun san yanzu ba fari kaɗai ke raba mutum da garinsa ba. Amma na ƙarshe a kowace Asabar shi ne Sahabi.

Inna yanzu ba ta gani sosai. Duk Asabar sai ta yi wanka ta sa zane mai kyau, ta ɗora rediyo a cinya. Ba ruwanta da wa ya ci wa a ƙwallo. Jira take a zo ƙarshe.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, makon jiya na je duba shi. Yana kwance a rumfar tsakar gida, ya rame ƙwarai. Abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai hadari a gabas. Na ce babu. Ya tambayi gero, na ce ya fara nannaɗe ganye. Ya ce haka wancan farin ma ya fara.

Sai ya sa na jero masa sunayen da ake kira. Na tsallake wani yaron Tozai, ya ɗaga yatsa. Na koma. Da na zo na ƙarshe na faɗa da sauri, don har yau sunan nan nauyi yake mini a baki.

Ya kama hannuna.

"Wanga na ƙarshe kar ka yi mishi sauri. Ja shi, ka ɗaga murya, ka hwaɗa sau biyu. Kunnen tsohuwa ya yi nauyi."

Shekara da shekaru ina zaune kusa da shi a situdiyo, ban lura ba. Ashe yadda kunnen Inna ke raguwa, haka yake ƙara jan sunan.

Bayan jana'iza manajan gidan rediyon ya kira ni ya yi gaisuwa. Yaro ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma kafin ya ajiye waya ya ce in an share makoki za mu zauna mu duba tsarin shirin, masu talla sun daɗe suna ƙorafi a kan kiran sunaye. Da Malam Labbo na raye ba wanda ya iya gaya masa haka a fuska. Ni kuwa ba Malam Labbo ba ne.

Daga maƙabarta na wuce Gangara. Gonaki a hanya duk sun yi fari-fari, ba na son kallo.

Na durƙusa na gaya wa Inna. Ta yi salati. Sai ta tambaye ni ko ni da kaina na tsaya a bakin kabarin. Na ce da hannuna na karɓe shi. Ta ce to Allah ya jiƙansa, a hidda sunansa da daraja.

Na san abin da ke zuwa.

"To wa ka kiran Sahabi ran Assabat?"

Na ce ni zan kira. Ban ɓoye mata maganar manaja ba. Na ce in ma sun hana a rediyo, duk Asabar zan zo nan ɗakin in zauna kusa da kunnenta in kira mata shi, sau biyu, yadda ta saba ji.

Ta juyo da fuskarta inda muryata take.

"Ni mi za ni yi da shi? Ni na raɗa mishi sunan. Ba don in ji aka kira ba, don shi ji na. In kak kira cikin ɗakin ga, ina za shi ji?"

Na ɗaga kai. Warkin na nan a rataye bayanta, yana sheƙin mai.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zauna a kujerar Malam Labbo. Ba shi da take, bai taɓa kokawa ba, ko akuya ba na jin ya taɓa kayarwa. Zan sa tsohon kiɗan nan na zaure, mai tsumma a kan ganga, in ce ya bar fili. Sannan in kira sauran. Na ƙarshe zan ja shi, in ɗaga murya. Asabar ta gaba da ita ban san ko za a bar ni ba.

Allah ya jiƙan Malam Labbo, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai gaji da kiran 'ya'yan mutane ba, Allah ya kira shi cikin bayinsa na gari. Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya ba mu ruwa mai albarka kafin geron nan ya ƙone.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce.

Kuma ku da ke kudu, ku da ke Nijar, ku da ke inda rediyonmu ba ya kaiwa: in kun san wani dattijo mai zanen Gobir, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu a karye, ku gaya masa an daɗe da buga ganga a Gangara. Ba wanda zai kawo masa ƙwarya yanzu. Inna na nan da rai.