Telan da ya ga abin da ke ƙafata

Tsohon telan ya durƙusa yana auna tsawon wandona, sai hannunsa ya bugi na'urar bin diddigi da 'yan imigireshin suka ɗaura mini a idon sawu. Wata bakwai ina ɓoye ta, har alwala a gida nake yi don kada a gani.

Tela ne ɗan Italiya, shekara hamsin yana ɗinka wa manya kwat. Lauyata ta turo ni ya rage mini wata ta gwanjo, domin ranar Alhamis alƙali zai yanke hukunci ko in zauna a ƙasar nan ko a mayar da ni gida.

Na ce, "Baba, wallahi ni ba ɓarawo ba ne."

Ya ce, "Na tambaye ka? Na ɗinka wa mai ƙusumbi, na ɗinka wa mai bindiga a hammata. Zan buɗa ƙafar wandon, fuskarka alƙali zai kalla." Sai ya dafa gwiwata da ke rawa. "Wannan rawar ce ba ni da zaren ɗinke ta."

Har yanzu rawa take yi. Wanda ya taɓa shiga kotun imigireshin, don Allah me suke fara tambaya?